Kumbon da ya je ya dawo, wa zai yarda ya sake shiga?

Maigareji: Assalamu alaikum 'yan zaure, an wuni lahiya? Jiya da dare yarona na gareji ya nuna mini wani bidiyo a salula. Ana jawo wani abu daga teku kamar ƙatuwar tukunya da ta sha hayaƙin murhu, aka ɗora shi bisa jirgin ruwa, aka buɗe, sai ga mutum huɗu an fiddo suna murmushi. Ya ce wai wanga abu wanke shi za a yi, a gyara, a sake zuba wasu mutane a harba sama. Ni shekara 22 ina kwance inji ina ɗaurawa, na san abin da ruwa ke yi wa wayar wuta. Motar da ta faɗa Gulbi da damina, wata shida kana bin wutarta, kuma wannan ruwan daɗi ne. To ina ga ruwan gishiri? Mushe, kai ka karanci abin. Gaskiya ne ko ƙaryar intanet?

Direban Dan Isa: Kumbo okaziyon ke nan. Ni ko kyauta aka ba ni kujerar gaba, na yafe.

Mushe Fizik: Wa alaikumus salam. Maigida, yaronka bai yi ƙarya ba. Kumbon Dragon ne na kamfanin SpaceX. Wanda ya fara ɗaukar mutane sunansa Endeavour, ya tashi ranar 30 ga Mayu 2020 da mutum biyu, Bob Behnken da Doug Hurley, ya faɗo teku ranar 2 ga Agusta. A watan Afrilu 2021 aka sake harba shi da mutum huɗu, har da Bafaranshen nan Thomas Pesquet, da Megan McArthur wadda matar Behnken ce. Wato kumbon da ya kai miji ya dawo, shi ya kai matar. A watan Agusta 2025 ya yi tashinsa na shida.

Amma kalmar "wankewa" ce ta ruɗe ka. Ba dukan abin ne ke komawa sama ba.

Maigareji: To mi ake yarwa, mi ake bari? Nan ne zancen yake.

Mushe Fizik: Tashar sararin samaniya, inda kumbon ke kai mutane, tana sama da mu da kilomita 400, kusan tafiyar Maradi zuwa Dogon Dutsi. Nisan ba shi ne wahala ba, gudun ne. Kumbo na zagaya duniya a kan kilomita 28,000 cikin awa. In zai dawo, iska ce birkinsa, kuma zafin da ke taruwa a gindinsa ya haura digiri 1,500. Garkuwar da ke gindin an yi ta ne don ta ci wuta ta zaizaye sannu a hankali, ta tafi da zafin. Don haka fatarta ba ta zuwa sau biyu, sabuwa ake sawa. Laimomin sauka ma haka, ƙanana biyu da ke fara buɗewa da manya huɗu da ke rage gudun zuwa kamar kilomita 25 a awa kafin ya taɓa ruwa. Akwai kuma wani ɓangare a ƙasansa kamar ganga, mai ɗauke da farantan hasken rana, shi tun a sama ake sakinsa, ba ya dawowa gida.

Abin da ake riƙewa shi ne ɗakin da mutane ke zama, da kwamfutoci, da na'urorin iskar shaƙa, da tankuna, da injuna. Yana da ƙananan injuna 16 na juyawa da daidaita hanya, da manya 8 na gudun tsira in roka ta lalace. Waɗannan ake buɗewa a duba, a nemi tsatsar gishiri, a sauya bawul ɗin da aka ga alamar gajiya, a gwada ko akwai yoyo. Aikin watanni ne, a Fulorida ake yinsa.

Maigareji: Ashe irin namu ne. Ba wanda ke maida tsohon juwan kilas in ya buɗe inji, sai maƙaryaci. Juwan da filta da mai a yar, bulok a riƙe.

Hajiya Mai Atamfa: Ku yi mini hankuri, ni tambayata ta mata ce. Mutum huɗu cikin tukunya guda kwana da wuni, ina suke zagawa? Kuma in wasu sun yi amfani da wurin, haka za a ba wasu?

Direban Dan Isa: Hajiya ta tambayi abin da kowa ke kunyar tambaya.

Ɗalibar Jami'a: Inna, tambayarki ta taɓa hana injiniyoyi barci. A watan Satumba 2021 wani Dragon mai suna Resilience ya kai mutum huɗu yawon kwana uku. Da ya dawo aka ɗaga daɓen, sai aka tarar bututun da ke kai fitsari tanki ya kwance daga inda aka manne shi da gam, fitsarin ya bazu a ƙarƙashi. A lokacin Endeavour na maƙale a tasha da su Pesquet. Aka ce su leƙa nasu, suka tarar haka ne. Da za su dawo a Nuwamba aka hana su amfani da makewayin, suka sauko da ƙunzugu kamar jarirai. Daga nan aka bar gam aka koma walda.

Abin da nake so Baba Maigareji ya lura da shi: da a ce yar da kumbon ake yi bayan tafiya ɗaya, wa zai ɗaga daɓen ya gani?

Hajiya Mai Atamfa: Ikon Allah. Duk dalolin nan, a ƙare da ƙunzugu.

Na Bagalam: Ni dai abin da ke ba ni mamaki, tun la'asar ba mu da wuta a unguwa, salulata saura kashi 11, amma zaure ya tashi haiƙan a kan makewayin Amurkawa. Mi ya shafe mu?

Shugaban Zaure: Na Bagalam, jiya awa biyu ka yi kana gardamar ƙwallon Sifen, ba wanda ya tambaye ka mi ya shafe mu. A ci gaba.

Baba Ritaya: Yara, ku bar ni in sa baki, don ni na ji abin da kunnena. A 1986 ina aiki Tasawa, muna zaune da dare an kunna rediyo, aka ce jirgin Amurka mai suna Challenger ya tarwatse da mutum bakwai, har da wata malamar makaranta. Shi ma mai zuwa ya dawo ne, har fukafukai gare shi, yana sauka bisa fili kamar jirgin sama. A 2003 aka sake ji, Columbia, shi ma mutum bakwai. To ku da ke yabon abin da ake maimaitawa, ga mutum 14. Rashawa kuwa tun 1967 suna da kumbonsu Soyuz, kowace tahiya sabo fil. Wanne ya fi hankali?

Mushe Fizik: Baba, Allah ya ƙara girma, tambayar ta yi nauyi. Amma a duba abin da ya kashe mutanen. Challenger ranar 28 ga Janairu 1986, sakan 73 bayan tashi. Zoben roba ne da ke toshe mahaɗar rokar gefe, sanyin safiyar ya sandarar da shi, wuta ta sami hanya. Columbia ranar 1 ga Fabrairu 2003: tun wurin tashi wani ɓallin soso ya ɓalle daga babban tankin mai ya fasa gaban fiffike, kuma tankin nan sabo ne, kowace tafiya sabo ake sawa. Da suka zo dawowa zafi ya shiga ta ramin.

Abin takaicin, duka biyun an sha ganin alamarsu. An ga zobba sun ci wuta a tafiye-tafiyen baya. An ga soso na ɓallewa sau da dama. Da yake ana dawowa lafiya, sai aka ɗauki abin kamar ɗabi'ar jirgin ce. A daren da za a harba Challenger akwai injiniyoyin da suka ce kada a tashi cikin wannan sanyi, aka rinjaye su.

Baba Ritaya: To ka ga, ɗana, ba maganar sabo da tsoho ba ce ashe. Wancan sabon ne, wanda Bahaushe ya ce turken wawa.

Maigareji: Baba ya gama magana. Wallahi kullum ina ganin haka. Mutum ya kawo mota, ka nuna mishi tiyon birki ya tsage yana gumi, ya ce "ai wata uku haka take, lallaɓa mini in kai Dan Isa in dawo." Ya je ya dawo. Sati na gaba ya ce "ba ka gani ba, na je na dawo." Kowace dawowa lahiya tana ƙara mishi ƙarfin gwiwa, tiyo kuma na ƙara tsagewa.

Direban Dan Isa: Maigida, ka faɗi suna mana, zaure duk ya san da wa kake.

Maigareji: Ban kama suna ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ɗalibar Jami'a: Mushe, ka yi haƙuri, amma kada mu wanke abin tas. Tsoron da Baba Maigareji ya fara da shi yana da tushe. Ka tuna 20 ga Afrilu 2019. Dragon ɗin da ya je tasha babu mutane a watan Maris ya dawo lafiya, ana gwada injunansa a ƙasa, ya fashe ya yi raga-raga. Bincike ya nuna ɗan ruwan makamashi ne ya sulale ta wani bawul da ya kamata ya hana komawa baya, ya shiga bututun iskar heliyom tun lokacin da ake aikinsa a ƙasa. Da aka saki matsi ya daki bawul na ƙarfen titaniyom da ƙarfi, ya kama wuta. Wato tsakanin tafiya da tafiya, a hannun masu gyara, nan aibin ya shiga.

Mushe Fizik: Kin yi gaskiya, ban musa ba. Sai dai ki ƙarasa labarin. An cire bawulolin nan aka sa wani faifan ƙarfe da ke toshe hanyar gaba ɗaya, ba ya buɗewa sai matsi ya fasa shi. Kuma ya fashe ne a wurin gwaji, babu kowa a ciki. Dalilin gwajin ke nan.

Maigareji: Kamar fizibil. Ya ƙone sau ɗaya, a sa wani.

Ɗalibar Jami'a: Haka. Ga kuma amsar Kaka Ritaya a kan sabo fil. Kamfanin Boeing na da nasa kumbon, Starliner, an tsara shi ya yi tafiya har goma, shi a kan tudu yake sauka da jakunkunan iska. Ranar 5 ga Yuni 2024 ya ɗauki mutane karon farko, Butch Wilmore da Suni Williams, da niyyar kamar kwana takwas. Heliyom ya riƙa yoyo, injuna 5 cikin 28 suka ɗauke ana dab da isa tasha. Kuma duk matsalar a sashen baya take, wanda sabo ake ƙerawa kowace tafiya, wanda ake saki ya ƙone a iska. Injiniyoyi ba su sami injunan a hannu sun buɗe ba, sai dai su kwaikwayi abin a ƙasa. NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta ƙi yarda, kumbon ya dawo fanko a Satumba. Su biyun sai 18 ga Maris 2025 suka sauko, bayan kwana 286, a cikin wani Dragon mai suna Freedom, wanda wannan ce tafiyarsa ta huɗu.

Har ayarin da ya je ya canje su, da farko sabon Dragon aka ware masa. Sabon bai kammalu a kan lokaci ba, aka ɗauko Endurance da ya riga ya je sau uku.

Direban Dan Isa: Kwana takwas ya zama wata tara? Ko mu da ke kwana a iyaka in an rufe ba mu kai haka ba.

Hajiya Mai Atamfa: Allah sarki matar nan. Ko kayan sawa nawa ta ɗauka.

Na Bagalam: Tunda an ƙi barin zancen, ni ma ga tawa. Duk wanga wahala don mi? Ba rowa ba ce kawai? Masu kuɗi ne, su ƙera sabo mana.

Mushe Fizik: Kuɗi ne, ba a ɓoye ba. Bayan an ajiye jiragen fukafukan nan a 2011, Amurka ta yi shekara tara ba ta da abin kai mutanenta, sai sayen kujera a Soyuz, har farashi ya haura dala miliyan 80 kujera ɗaya. Masu binciken kuɗin NASA a 2019 sun ƙiyasta kujerar Dragon a kan miliyan 55.

Amma maimaitawa ba kullum take kawo sauƙi ba, jiragen da Baba ya ambata su ne shaida. An yi mafarkin jirgi ya sauka, cikin sati biyu ya sake tashi. Mafi saurin da aka taɓa yi tsakanin tashi da tashi kwana 54 ne, a 1985, yawanci watanni ake ɗauka. Jikinsu na lulluɓe da tayil fiye da 20,000, kusan kowane da siffarsa, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Tafiya 135 cikin shekara 30, kuma tsadar ta ƙi sauka. Dragon ƙarami ne, ba fiffike, garkuwarsa na ɓoye a ƙarƙashinsa lokacin tashi inda ba abin da zai faɗo mata, kuma yana zaune a kan roka ne, ba a gefenta ba. In abu ya ɓaci yana iya fizge kansa ya gudu da mutanen. Challenger ba shi da wannan.

Baba Ritaya: Sau nawa za a maimaita kafin a ce ya isa? Ko jaki akwai ranar da ake sauke mishi kaya.

Mushe Fizik: Da farko NASA sau biyar ta amince. Kafin Endeavour ya yi na shida sai da aka bi sassansa aka sake tantancewa, SpaceX kuma na neman a kai 15. Ni a nawa ganin, Baba, a nan ne ya kamata a sa ido. Sassan da ake sauyawa ba su ba ni tsoro. Waɗanda ba a cirewa ne, walda da bututun da ke can ciki, waɗanda suka sha zafi da sanyi da jijjiga da gishiri sau shida. Kuma kumbunan Dragon masu ɗaukar mutane guda biyar ne kawai, jadawali kuma cike. Ranar da jadawali ya fara yi wa mai duba tsawa, an koma gidan jiya.

Maigareji: Mai mota na tsaye bisa kanka, fasinja sun cika, ana ta oda. Na san wanga.

Malam Na Limanci: Salamu alaikum, yanzu na shigo na bi zancen tun daga sama. Ni abin da ya burge ni, akwai Musulmi da suka shiga irin wanga kumbo. Balaraben Daular Larabawa, Sultan AlNeyadi, ya yi wata shida a can a 2023, azumi ya same shi a sama inda rana ke fitowa sau 16 a yini. Na ji an ce ma sai da aka fasa tashinsu sau ɗaya.

Ɗalibar Jami'a: Haka ne Malam, kuma Endeavour ɗin nan ne ya kai shi, tafiyarsa ta huɗu. Ranar 27 ga Fabrairu suna zaune an ɗaure su a kujera, saura minti biyu da 'yan kai, aka tsayar. Na'ura ba ta tabbatar da cewa ruwan da ke kunna injin roka ya cika yadda ya kamata ba. Aka sauke mai, aka fiddo su. Da aka bincika, filta ce ta toshe a kayan ƙasa. Sai 2 ga Maris suka tashi. A shekarar kuma 'yar Saudiyya Rayyanah Barnawi ta je a cikin Freedom.

Malam Na Limanci: Madalla. Ɗaure raƙumi sannan tawakkali.

Direban Dan Isa: Filta! Maigida, ka ji, har can filta ce ke tsaida tahiya.

Hajiya Mai Atamfa: Mushe, gangar nan da ka ce ana saki a sama, ina take faɗawa? Kar wata rana muna shanya a tsakar gida.

Mushe Fizik: Hajiya, an zaci ƙonewa take yi ƙurmus, ashe ba duka ba. A 2022 an tsinci ɓallinta a gonar tumaki a Ostireliya, a 2024 wani manomi a Kanada ya tsinci wani a gonarsa. Ba wanda ya ji rauni. Shi ya sa daga 2025 aka maida saukar Dragon tekun Fasifik kusa da Kalifoniya, ana riƙe gangar sai an kama hanyar sauka sannan a sake ta, ta faɗa ruwa.

Baba Ritaya: Na Bagalam da ke cewa mi ya shafe mu, ka tambayi tsofaffin Kano. Farkon shekarun 1960 Amurkawa na da tashar bin sawun kumbo a can, lokacin da John Glenn ya zagaya duniya a 1962 tana cikin masu sauraronsa. Jiragen fukafukan nan kuma an tanadar musu filin saukar gaggawa a Dakar da Banjul. Sama ba ta da iyakar Dan Isa.

Na Bagalam: Baba na ji, na tuba. Saura kashi 3. In tashar ta bi ta bisa Maradi a ce su jeho mana wuta.

Ɗalibar Jami'a: Tana bi kuwa, Yaya. Bayan magariba ko kafin asuba, kamar tauraro mai haske yana tafiya ba ƙyaftawa, minti huɗu ko biyar ya ɓace. Daren da aka ɗauke wuta ma an fi ganinta.

Shugaban Zaure: To Direba, har yanzu ka yafe kujerar gaban?

Direban Dan Isa: In Maigida ne ya duba shi, sai in yi shawara da uwargida. Maigida, gobe in kawo iyas ɗin ƙarfe nawa?

Maigareji: Bakwai, kafin rana ta yi zafi. Ka taho da kuɗin tiyo biyu, na baya ma ya tafi. Kuma ka sauke fasinja tukuna, ban son a yi mini oda bisa kai.